Kwikwiyon da Na Roƙa da Bakina

Ni dai ban taɓa son kare ba, kuma har gobe ba na son sa. Na fara da wannan ne don kada wani ya ɗauka wata mai tausayin dabbobi ce ke magana. A gidanmu ko kyanwa ba a bari ta hau tabarma. Amma akwai wani kwikwiyo da ya kwana tara a hannuna a Guangzhou, kuma duk shekarun nan da suka wuce, in na tuna shi ina cin abinci sai in ture kwanon.

Lokacin ina sarin takalman mata a Zhanxi, kasuwar nan ta kusa da tashar jirgin ƙasa, ina kawowa Kano. Zuwana na biyar ke nan ko na shida. Ina sauka a hawa na sha ɗaya na wani dogon bene, wurin wata Hajiya mutuniyar Maraɗi da ta girme ni nesa ba kusa ba, ita kayan sawa take saya a kasuwar Shahe. Ɗaki ɗaya ne da falo da 'yar baranda inda muke shanya. A falon muke ci, a nan muke salla, a nan muke ɗaure kaya. A wannan zuwan na yi wautar sayen tikiti dab da bikin sabuwar shekararsu, rabin kayana bai fito daga masana'anta ba aka tafi hutu. Dole na zauna sai an buɗe kasuwa ranar takwas ga bikin, washegari kuma jirgina ya tashi.

Mai shagon da nake hulɗa da ita wata gajeriyar mata ce mai saurin magana, ba ta iya zama wuri ɗaya. Lawban nake ce mata, yadda kowa ke kiran mai shago a can, ita kuma ta ce mini Madam. Mutuniyar kirki ce. Ba ta taɓa cusa mini takalmi ƙafa ɗaya a kwali ba, wanda ya san Zhanxi kuwa ya san wannan ba ƙaramar shaida ba ce.

Matsalata ita ce ina ji da Sinancina. Na iya nihaw, na iya sheshe, wato na gode, na iya meyo, wato babu, na iya ƙirge. In 'yan uwana 'yan kasuwa suna fama da kalkuleta da nuni da hannu, ni sai in saki kalma biyu, 'yan shago su tafa mini, kaina ya ƙara girma. Hajiya takan ce, "'Yar Kano, yaren mutanen ga waƙa ne, ki bi shi sannu." Ni kuma in ce haba Hajiya, wanda ya san bambancin kuka ta miya da kuka na hawaye ai ba a koya masa hawa da saukar murya.

Akwai kalmar da na fi yawan amfani da ita, gow. In ka faɗe ta a gajarce, murya ta faɗo ƙasa, ma'anarta ya isa. In kuwa ka ja ta, murya ta nutse sannan ta ɗago, to kare ka ce. Wannan ta biyun ban san da ita ba a lokacin.

Saura mako guda a tafi hutu na je shagonta duba samfur. Kasuwa ta yi ja wur da takardun ado, ko'ina hoton kare, domin a lissafinsu shekarar da za a shiga ta kare ce. Lawban ta zaunar da ni, ta zuba mini shayi, ta shiga tara mini kaya a gaba: lemo, alewa, gyaɗa, kalanda, har da wata 'yar bishiyar lemo a tukunya, irin wadda kowane gida ke ajiyewa a bakin ƙofa lokacin bikin. Sai ta tambaye ni, rabi da Turanci rabi da yarensu, me kuma nake so ta ba ni na sabuwar shekara.

To kun san yadda mace Bahaushiya ke ƙin karɓar abu. Ba a cewa ya isa a tsaye kamar soja. Sai an karyar da kai, an lanƙwasa murya, an ja ta. Haka na yi. Na dafa ƙirji na ce, "Goow, Lawban, goow."

Ta zaro ido. Ta maimaita kalmar tana nuna kalandar da ke gabana. Ni na ɗauka ranar rufe kasuwa take nuna mini, ban ko kula da ƙaton karen da ke saman shafin ba. Na gyaɗa kai har sau uku. Ta yi dariya, ta kira maƙwabciyarta ta faɗa mata wani abu, su biyun suka dube ni suna ɗaga babban yatsa. Na fito ina jin daɗi, na ce yau ma Sinancina ya burge.

Ranar Juma'ar da aka rufe kasuwa, bayan la'asar, aka buga mana ƙofa. Lawban ce da kanta, rungume da kwalin takalmi an ɗaure shi da jan ƙyalle, an huhhuda murfin. Ta miƙo mini da hannu biyu, yadda suke yi in suna girmama mutum. Ina karɓa kwalin ya motsa.

Ɗan kwikwiyo ne fari mai kunnuwa ruwan ƙasa, bai fi cikin tafin hannuna biyu ba, an ɗaura masa jan zare da 'yar ƙararrawa a wuya. Ina ɗaga murfin ya miƙo kai ya lashi babban yatsana.

Wallahi da a Kano ne da na yar da kwalin. Amma matar nan tana tsaye a gabana fuskarta cike da murna, tana gaya mini tun safe take zaga kasuwar dabbobi kafin ta zaɓo shi, wai kare in ya shigo gida a irin wannan shekara arziki ne ya shigo. Tana nuna shi tana cewa goow, goow, da irin muryar da na yi ranar nan. A nan na gane abin da na jawo wa kaina. Amma sai na ji bakina yana cewa sheshe, sheshe, har da murmushi. Na raka ta bakin lif ina ta godiya.

Ina dawowa na tarar da Hajiya tsaye a kan kwalin, carbi a hannu.

"Mi ne ne wanga?"

Na ba ta labari. Ta yi dariya har sai da ta zauna a kan buhun kaya tana share hawaye da gefen mayafi. Da ta gama sai ta ɗaure fuska ta ce, "To, malamar yare, ki san inda za ki kai shi. Ɗakin ga salla muke ciki. Ba ya kwana nan."

Muka daidaita a kan baranda. Sanyin garin nan mai laima ne, yana shiga ƙashi, don haka na lulluɓe kwalin da wani tsohon zanena. Sannan na tafi wanke yatsan da ya lasa, sau bakwai, ɗaya da ƙasa, yadda na tashi na ga ana yi. Sai dai ina ƙasa a hawa na sha ɗaya? Na duba na duba, ƙarshe na ɗebo daga tukunyar bishiyar lemon da Lawban ta ba ni. Daga ranar kullum sai na ɗiba, kafin mako ya cika saiwar bishiyar ta fara leƙowa.

Lissafin da ya hana ni sukuni mai sauƙi ne. Saura kwana goma jirgina ya tashi, Hajiya kuma ta rantse ba za ta riƙe shi ko na wuni ɗaya ba bayan tafiyata. Dole kafin nan in samar wa abin nan wurin da zai rayu. Na ce zan mayar wa Lawban, Hajiya da ta fi ni daɗewa a garin ta ce kul, mayar da kyautar sabuwar shekara a wurinsu kamar ka mayar wa mutum da fatan alherinsa ne a fuska. Na yi tunanin in ajiye shi a gefen titi in juya, sai na leƙa daga baranda na ga yadda motoci ke gudu a ƙasa. Ga kuma masu kama karnukan da ba su da takarda, ana ta labarinsu.

Akwai wani dattijo mai gadin benenmu. Ya ji kukan kwikwiyon, ya nuna mini da hannu in ba shi. Hajiya ta ce, "Ba shi ki huta." Na sauko da kwalin. Ya ɗago shi ta fatar wuya, ya ɗora a tafin hannu yana jinjina nauyinsa. A bayan layinmu kuwa akwai wani gidan abinci da nake kawar da kai in zan wuce shi lokacin sanyi, saboda abin da ake ratayewa a bakin ƙofa. Ban san sanda na fizge kwikwiyon na mayar kwali ba, na ce meyo, meyo, na haye sama. Dattijon ya bi ni da kallo baki buɗe. Wataƙila na zalunce shi da zato, don me ke jikin ɗan wannan abin da za a ci? Wataƙila jikarsa zai kai wa. Har yau ban sani ba, kuma wannan ma yana cikin abubuwan da nake juyawa a raina.

Abin da ya riƙe ni shi ne tsoro. Tun muna yara ake ba mu labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ba. Ni kuwa wannan da bakina na roƙe shi, ko da kuskure ne. Saboda ni aka ɗauko shi aka sa a kwali. In ya mutu a wulaƙance, wa za a tambaya in ba ni ba?

Kwana ukun farko lafiya ƙalau. Ina sa leda a hannu in ajiye masa madara da shinkafa a murfin gwangwani, in janye da sauri. Yana wuni yana zagaya baranda, ƙararrawar nan tana ta ƙara, har ya samu wani samfurin takalmi ya cinye igiyarsa. Na zage shi da Hausa iya zagi, yana kallona yana kaɗa jela. Ban ce na so shi ba. Amma na saba da jin ƙararrawar, ko ina ɗaure kaya kunnena yana baranda.

Ranar Talata da safe ban ji ta ba. Na leƙa na gan shi kwance a kusurwar kwali, madarar jiya tana nan bai taɓa ba. Kafin azahar ya fara amai. Washegari zawo ya biyo, da jini a ciki, da wani wari da har yau ban manta ba. Na sa mayafi na fita neman likitan dabbobi. Na zaga unguwa har ƙafata ta yi ciwo, ko'ina a rufe, jar takarda manne a ƙofa, kowa ya tafi garinsu biki. A ƙofar wani asibitin dabbobi na ga an liƙa wata farar takarda, rubutun Sinanci a sama, a ƙasa kuma layi biyu na Turanci da lambar waya, wai wanda ke da karen da ba zai iya riƙewa ba ya kira kada ya yar. Na kira a tsaye a wurin. Wata mata ta ɗauka, Turancinta tsaf kamar na malamar makaranta, ta karanto mini kwatance, na ba wani mai wucewa wayar ya rubuta mini da yarensu.

Ranar Alhamis da safe na ɗauki kwalina na tari tasi. Mun fi awa guda muna tafiya, muka wuce benaye, muka wuce masana'antu, muka shiga wurin gonakin ayaba da kududdufan kifi. Tun kafin mu tsaya na fara jin haushin karnuka, ba ɗaya ba, ba goma ba. Ni da ko karen maƙwabta na gani nake canza hanya, yau ga ni na kawo kaina gidansu.

Matar ta fito ta same ni a bakin ƙofa. Dattijuwa ce mai furfura, ta sa takalmin roba har gwiwa. Ashe kuwa malamar Turanci ce da ta yi ritaya, ta kama wani tsohon gidan gona tana tara karnukan da aka yar. A gefen ƙofar akwai wasu kwalaye da aka ajiye mata aka gudu tun da asuba, biyu daga ciki da jan ƙyalle irin na nawa. Tana ganin ƙyallen kwalina fuskarta ta canza.

"Kyauta ce?" ta tambaye ni.

Na ce kyauta ce.

Ta ce kowace shekara haka take gani bayan biki, bana kuwa ya fi muni saboda shekarar kare ce. A saya wa yaro, a saya wa budurwa, a saya wa abokin ciniki, ba wanda ke tsayawa ya tambaya ko mutum yana so, ko yana da wurin ajiyewa. Wasu masu sayarwar kuma allura suke yi wa marasa lafiya don su yi ta tsalle a kasuwa, in an kai su gida ba sa wuce sati, shi ya sa ake ce musu karen sati ɗaya. Ga kuma manyan karnuka nan a wurinta, lafiyayyu, an yi musu rigakafi, ba mai zuwa ya ɗauki ko ɗaya. Ta juya ta nuna filin gidan da hannu, karnuka ko'ina, ta ce, "Gow." A gajarce ta faɗe ta, murya ƙasa. Ba ta buƙaci ta fassara mini ba.

Duk da haka ta buɗe kwalina. Ta ɗaga leɓensa ta duba dasashi, fari fat. Ta ja fatar wuyansa ta saki, fatar ta tsaya a tsaye. Ta ce cutar nan tana yaɗuwa, in ta shigar da shi cikin sauran sai cutar ta kwashe mata ƙananan gaba ɗaya, ga shi ko ɗakin kwananta cike yake da su. Abin da yake bukata ƙarin ruwa ne ta jijiya, tana da kayan, ta kuma iya sawa, amma sai a keɓe. Ɗakin keɓewa kuwa ɗaya gare ta, kuma akwai mai shi. Ta kai ni na leƙa ta taga. Wani tsohon kare ne ruwan ɗorawa, mai ido ɗaya, kwance a kan buhu. Ta ce sau biyu tana haɗa shi da sauran suna neman kashe shi.

"Ki samo mini mutum ɗaya mai gida a garin nan da zai ɗauki tsohon nan," ta ce, "a ranar zan sa wa naki ruwa. Amma kada ki wuce gobe."

Ta ba ni sirinji mara allura, ta ce in riƙa ɗura masa ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, kowace awa. Shi dai wannan ruwan da na raini 'ya'yana da shi in suna zawo.

Mutum ɗaya tak na sani mai gida a garin nan, kuma katinta yana cikin jakata da lambar wayarta a jiki. Tun a cikin tasi na ciro shi. Amma in kira in ce me? In ce Lawban, murnar da kika ga na yi ƙarya ce? In ce Sinancin da kuke tafa mini ban ma san bambancin kare da ya isa ba? In ce abin da kika wuni kina zaɓa an cuce ki, ga shi yana mutuwa? Hajiya ta taɓa gaya mini cewa a kwanakin bikin nan ba sa son a ambaci ciwo ko mutuwa a gidajensu. Na kama wannan na riƙe gam, na ce ai ladabi ne ma in bari sai gobe. Na mayar da katin jaka.

Goben nan kuwa Juma'a ce. Na ɗura masa ruwa, na wanke hannu da ƙasar lemo, na yi wanka, muka tafi Masallacin Huaisheng ni da Hajiya. Ban ji ko kalma ɗaya ta huɗuba ba, hankalina yana baranda. Na yi ta roƙon Allah Ya kawo mini mafita, alhali mafitar tana cikin jakar da na ajiye a gefen ƙafata. Da aka idar na tsaya a harabar masallaci na danna lambar har saura ɗaya, na tsaya ina kallon wayar, sannan na goge. Na ce bari in ga yadda zai wuni, ai kamar ya ɗan ɗaga kai da safe.

Bai ɗaga komai ba, ni ce nake so in ga haka. Zuwa Asabar na daina sa leda, don ba a iya buɗe bakinsa da leda a hannu. A cinyata nake ɗora shi, in tallafi kansa, in ɗiga ruwan ta gefen baki, rabi ya shiga rabi ya zubo a zanena. Jikinsa ya zama ƙashi da fata. Duk sanda na leƙa kwalin sai na tsaya na ga cikinsa ya motsa kafin in saki numfashi. Da iska ta taso da yamma, Hajiya da ta ce ba ya kwana ɗakin nan, ita da kanta ta jawo kwalin da ƙafa ta shigo da shi bakin banɗaki.

"Ba don shi ba," ta ce, "don kada a tambaye ni."

Sannan ta zauna ta dube ni. "'Yar Kano, kira matar nan."

Na ce, "Hajiya, gobe fa za su buɗe kasuwa. Gara in je in faɗa mata ido da ido."

"Kunya kike ji ko girman kai?"

Raina ya ɓaci, don ni ba na son a faɗa mini gaskiya ina cikin damuwa. Na ce ta bar ni da abin da ya dame ni. Ta bar ni kuwa.

Lahadi aka buɗe Zhanxi da kaɗe-kaɗe, masu rawa cikin shigar zaki suna bi shago-shago, ana raba jajayen ambulan na kyautar kuɗi. Na ratsa cikin taron rungume da kwalina. Lawban ta hango ni ta taho da fara'a, ta sa sabuwar riga da sabon takalmi, tana tambayata ina ɗan karenta. Na ajiye kwalin a kan teburin shayi na buɗe.

Na faɗa mata komai, da Turanci, da hannu, da 'yan kalmomina. Na faɗi gow sau biyu, gajeriya da doguwa, na nuna kaina na nuna bakina. Na ce mu ba ma ajiye kare a ɗaki, ban taɓa so ba, kunya ce ta sa na yi godiya. Na gaya mata zancen malamar da tsohon karen. Ina jira ta yi fushi ko ta yi mini dariya, ko wanne ta yi na cancanta. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta sa yatsa ta shafa kan kwikwiyon, ta ce yaushe ya fara ciwo? Na ƙirga mata da yatsu. Yaushe na je wurin malamar? Na ce Alhamis.

Ta dube ni ta ce, "Madam, kina da lambata."

Iya abin da ta ce ke nan. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta ɗauki jakarta, ta ja ƙofar shago ta rufe, a ranar buɗe kasuwa da suke ɗauka da muhimmanci, maƙwabta suna kallonta. Muka tari tasi, har muka isa gidan gonar kwalin yana kan cinyarta.

Ita da malamar suka yi ta magana da yarensu da sauri, ban tsinci komai ba. Malamar ta buɗe ɗakin keɓewa. Tsohon karen ya fito a hankali, ya karkata kai don ya gan mu da idonsa mai gani, ya shinshina sabon takalmin Lawban, sai ya zauna a kai. Lawban ta ce mini ba ta taɓa kiwon kare ba a rayuwarta, amma ɗanta yana jami'a, mijinta kullum yana masana'anta, gidan ya yi mata faɗi. Ta karɓi igiyar karen daga hannun malamar.

Malamar ta ɗauki kwikwiyon ta shiga da shi, ta aske masa gashin ƙafa tana neman jijiya. Ta daɗe tana nema. Ba ta ɗago ta dube ni ba, ta ce, "Na ce miki kada ki wuce Juma'a." Ta yanke jan zaren wuyansa ta miƙo mini ƙararrawar ta baya. Muka dawo gari da tsohon kare a tsakiyarmu a bayan tasi, ni na manne da ƙofa ina tattare zanena. Washegari na ga an loda kayana, na hau jirgi.

Wata huɗu na yi a Kano. Katin yana jakata, kuma wannan karon ma ban kira ba. Muddin ban tambaya ba, a raina yana nan da rai, ya girma, yana cin igiyar takalmin wani. In na buɗe jaka neman canji ƙararrawar ta yi ƙara sai gabana ya faɗi, amma na kasa yar da ita.

Da na koma ana tsananin zafi. Na shiga shagon na tarar da tsohon karen kwance ƙarƙashin tebur tsakanin kwalaye, ya yi ƙiba, gashinsa yana sheƙi. Duk layin sun san shi, 'yan uwanmu 'yan kasuwa kuwa sai su tsaya daga bakin ƙofa su yi cinikinsu. Lawban ta tarbe ni kamar ba abin da ya faru, ta zaunar da ni, ta zuba shayi, ta shiga nuna mini sabbin samfur. Na duba takalmi ya fi goma ban ga ko ɗaya ba. Ƙarshe na ajiye na tambaye ta labarin kwikwiyon.

Ta ce ya mutu ranar Talata, kwana biyu bayan mun kai shi.

Na ce me malamar ta ce? Ta kawar da kai tana gyara kwalaye, ta ce ba komai. Na matsa mata, don ni in na fara tambaya ba na tsayawa. Sai ta ɗaga yatsu uku. Ta ce malamar ta ce da an kawo shi kwana uku kafin nan, da wataƙila ya tashi. Ta maimaita wataƙilar har sau biyu, don ta sauƙaƙa mini. Ni kuwa na san kwana ukun nan ɗaya bayan ɗaya, na san inda nake tsaye a kowanne, da wayar a hannuna.

Ta ɗauki buta za ta ƙara mini shayi. Kalmar ta zo bakina, kuma yanzu na san yadda ake faɗinta daidai, a gajarce, murya ƙasa. Na kasa. Na dai sa tafin hannuna na rufe kofin.